Yadda Ake Tara Dinarin Azurfa na Rumawa da Karanta Hotunan da Ke Kansa

Kalmar dinari ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Muna jin ta a bakin malamai idan ana lissafin nisabin zakka ko mafi ƙarancin sadaki, kuma kowa ya san zinariya ake nufi. Amma asalin mai sunan ba zinariya ba ne. Wani ɗan kuɗin azurfa ne, faɗinsa milimita 18 zuwa 20, wanda Rumawa suka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da Hanibal, jagoran sojojin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya hana su sakat a cikin Italiya. Sun kira shi denarius, wato mai goma, domin canjinsa kwabban tagulla goma ne. Daga baya Larabawa suka ari sunan suka laƙaba wa kuɗin zinariyar Rumawan Gabas, mu kuma muka karɓa daga wajensu.

Wannan kuɗi ana sayar da shi yau a fili, bisa doka, kuma da yawansa bai kai farashin ƙaramar wayar hannu ba. Miliyoyi aka buga, kuma mutanen lokacin idan yaƙi ya matso tukunya suke cikawa su binne, wasu su mutu ba su dawo sun tono ba. A 1929 an gano irin wannan taska a Reka Debniya ta ƙasar Bulgeriya, abin da aka ƙirga a cikinta ya haura kuɗin azurfa 81,000. Saboda haka samun kuɗin ba wuya. Wuyar tana wajen sanin abin da ke hannunka, shi ya sa karatu zai riga ciniki a jerin nan.

Mataki na farko: yanke gonar da za ka iya nomewa

An shafe sama da shekara 450 ana buga dinari, ba mai iya tara duka. Sabon shiga yakan ce zai haɗa Kaisarori goma sha biyu na farko, daga Yuliyas Kaisar zuwa Domishiyan. Ban ba ka wannan shawara ba. A cikinsu akwai Kaligula da Kalaudiyas da Oto, wanda wata uku kacal ya yi a kan mulki a shekara ta 69 Miladiyya, kuma dinarin kowannensu yana cin dubban daloli ko abin da ya kusanci haka.

Ka fara da tsakanin shekara ta 98 zuwa ta 244: Tarajan, Hadiriyan, Antoninas Fiyas, Markus Oriliyas, gidan Saftimiyas Sabarus, har zuwa Gordiyan na Uku. Nan ne kuɗin suka fi yawa, rubutunsu ya fi fita, kuma galibi da dala 50 zuwa 100 za ka sami mai kyau, wani lokaci ƙasa da haka. Ko kuma ka bar bin sarakuna ka bi jigo: dabbobi, matan sarakuna, jiragen ruwa. Ni Afirka nake bi.

Mataki na biyu: koyi karanta kirarin sarki

Rubutun da ya zagaye kan sarki kirari ne, an dai taƙaita shi da haruffan Latin. Ba sai ka iya Latin ba, kalmomi kamar goma ne ke ta maimaituwa. Ka fara sanin cewa V a wajensu ita ce U, kuma sau da yawa ba sa barin fili tsakanin kalmomi.

IMP shi ne babban kwamandan yaƙi. CAES ko CAESAR sunan gida ne da ya koma sarauta. AVG, wato Augustus, mai alfarma, shi ne laƙabin sarki mai ci. Idan ka ga AVGG da G biyu, sarakuna biyu ne ke mulki tare. P M shugaban masu kula da addininsu. P P uban ƙasa. COS muƙamin kansul, wato ɗaya daga cikin manyan muƙaman mulkin Rum, TR P kuma ikon wakilin talakawa. DIVVS ko DIVO na nufin sarkin ya riga ya mutu, magajinsa ne ya buga kuɗin don girmama shi.

COS da TR P su ne kalandarka. Rumawa ba sa rubuta shekara, amma ana sabunta TR P duk shekara, ana kuma ƙirga sau nawa sarki ya riƙe kansul. Ɗauki dinarin Tarajan mai ɗauke da IMP TRAIANO AVG GER DAC P M TR P a gaba, da COS V P P SPQR OPTIMO PRINC a baya. GER da DAC laƙabin nasara ne a kan Jamusawa da mutanen Dakiya, ƙasar Romaniya ta yau. COS V kansul karo na biyar, wanda ya hau a 103, bai kuma hau na shida ba sai 112. Ka ga ke nan an buga kuɗin tsakanin 103 da 111. Wanda ke da lamba bayan TR P ya fi wannan ma sauƙi: TR P XX na Markus Oriliyas shekara ta 166 ce.

Akwai tarko ɗaya da kusan kowa ke faɗawa. Sarakuna huɗu ne aka fi rikitawa, domin duk suna rubuta ANTONINVS a kuɗinsu: Antoninas Fiyas, Markus Oriliyas, Karakalla da Elagabalas. Biyun ƙarshe ma har PIVS, wato Fiyas, suke ƙarawa. A nan fuska ce za ta raba maka gardama. Fiyas dattijo ne mai gyararren gemu, Markus mai nannaɗaɗɗen gashi da dogon gemu, Karakalla idan ya girma kullum a murtuke yake, Elagabalas kuwa saurayi ne, kuma sau da yawa akwai tauraro a bayan kuɗinsa.

Mataki na uku: gane hotunan

A nan daɗin sana'ar yake, a nan kuma ya kamata ka fi daɗewa.

Sojan Rum a zamanin Agustas yana karɓar dinari 225 a shekara, Domishiyan ya ƙara zuwa 300. Wannan soja yana iya zama a bakin kogin Danub ko a hamadar Siriya, bai taɓa ganin sarki ba, babu rediyo, babu jarida. Kuɗin albashinsa shi ne mai shelar fada. Gaba yana nuna masa fuskar mai mulki, baya yana gaya masa abin da fada ke so ya yarda da shi.

Fara da abin da ke kan sarki. Rawanin ganye na nufin dinari ne. Kambi mai tsinaye kamar hasken rana na nufin wani kuɗin ne daban, wanda Karakalla ya ƙirƙiro a 215, masu tarawa suna kiransa antoninianus. An ce wa mutane dinari biyu ne, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Idan matar sarki ce, jinjirin wata za ka gani ƙarƙashin kafaɗunta a maimakon kambin.

A baya kuwa, yawanci mutum ne a tsaye ko a zaune, kuma abin da ya riƙe shi ne sunansa. Mace mai fukafukai da rawanin ganye da reshen dabino Nasara ce, VICTORIA. Mai reshen zaitun Zaman Lafiya, PAX. Mai riƙe da sikeli da ƙaho cike da amfanin gona Daidaito ce, AEQVITAS. Mai matuƙin jirgin ruwa Sa'a, FORTVNA. Mai ciyar da maciji Lafiya, SALVS. Mai tafe da fure a hannu tana ɗage bakin zane Fata, SPES. Mai zangarniyar alkama da mudu ita ce ANNONA, wato hatsin da jirage ke kawowa birnin Rum daga Masar da Afirka ta Arewa. A cikin gumakansu kuwa, namiji mai tsawa a hannu da gaggafa Jufita ne, mai mashi da kwalkwali Mas, mace mai garkuwa, wani lokaci da mujiya a ƙafarta, Minaba ce, wadda Domishiyan ya cika kuɗinsa da ita.

Amma ka karanta su yadda kake sauraron maroƙi. Abin da ake yawan faɗa shi ne abin da ake tsoron rasawa. A ƙarni na uku, lokacin da sojoji ke kashe sarki su naɗa wani kusan duk bayan 'yan shekaru, a lokacin ne FIDES MILITVM, amincin sojoji, ya cika bayan kuɗi.

Wasu hotunan kuwa labarin wani abu ne da ya faru. Dinarin farko na zamanin Jamhuriya, wato kafin a fara mulkin Kaisarori, yana da kan mace da kwalkwali mai fukafukai, ita ce birnin Rum, da alamar X a bayan wuyanta, a baya kuma tagwaye bisa dawaki. Daga baya jami'ai uku da ke kula da gidan buga kuɗi suka mayar da shi wurin tallar kakanninsu. A shekara ta 49 zuwa 48 kafin Miladiyya Yuliyas Kaisar ya buga giwa tana tattake maciji don biyan sojojinsa. A farkon shekara ta 44 ya yi abin da ba a saba ba, fuskarsa ta hau kuɗin birnin Rum yana raye, wasu ma da rubutun DICT PERPETVO, mai mulki har abada. Cikin makonni aka kashe shi. Shekara biyu bayan haka Burutas, ɗaya daga cikin makasan, ya buga dinari mai wuƙaƙe biyu da hular 'yantaccen bawa a tsakiya, da rubutun EID MAR, wato 15 ga Maris, ranar kisan. Wannan ba na aljihun irinmu ba ne, kallo kawai.

Na Afirka su ne suka fi burge ni. Bayan an ci Kiliyobatara, sarauniyar Masar, da yaƙi, Agustas ya buga kada da rubutun AEGVPTO CAPTA, an kama Masar. Hadiriyan, wanda ya zagaye daularsa da kansa, ya buga jerin larduna: AFRICA mace ce a kishingiɗe da hular kan giwa, kunama a hannunta, AEGYPTOS tana riƙe da kacau-kacau na ibada, tsuntsu a gabanta, NILVS, kogin Nilu, dattijo ne a kishingiɗe, kusa da shi dorina ko kada. Saftimiyas Sabarus, haifaffen Lebtis Magna ta Libiya wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, yana da dinari mai gunkiyar Kartaj bisa zaki tana tsallake ruwa mai ɓuɓɓuga, da rubutun INDVLGENTIA AVGG IN CARTH, alherin sarakuna ga Kartaj. Sai Filibus Balarabe, ɗan garin Shahba ta Siriya, wanda bikin cikar Rum shekara dubu ya faɗo a zamaninsa a 248. Ya buga namun dajin da aka nuna a bikin: zaki, barewa, gada, da dorina a kuɗin matarsa. Waɗannan na Filibus suna da sauƙin samu.

Wani zai ce ai waɗannan gumaka ne. Haka ne, da yawansu abin bautar Rumawa ne, kuma hukuncin ajiye su malamai ake tambaya. Abin da tarihi ya tabbatar dai shi ne, a Makka da Madina an yi ta ciniki da dinarin Rumawan Gabas da dirhamin Farisa masu hotunan sarakunansu, har sai da Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira.

Mataki na huɗu: tanadi kayan aiki

Ba su da yawa. Ƙaramin sikeli na lantarki mai auna har giram 0.01, irin na masu sayar da gwal. Madubin ƙara girma mai ninki goma. Abin auna faɗi da milimita. Mayen ƙarfe.

Sai kundin tantancewa. Kuɗin sarakuna ana kiransu da lambarsu a cikin kundin RIC, wanda aka fara wallafawa a Landan a 1923. Na Jamhuriya kuma da lambar kundin Crawford na 1974. Suna da tsada, amma ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka ta zuba abin da ke cikinsu a intanet kyauta, da sunan OCRE na sarakuna da CRRO na Jamhuriya. Ka rubuta haruffan da ka iya karantawa, zai fito maka da masu kama da naka.

Mataki na biyar: ciniki

Ka sayi na farko daga dillalin da ya rubuta cewa zai karɓi kayansa ya mayar da kuɗi ko bayan shekara nawa ne idan ya tabbata jabu ne. Membobin ƙungiyar dillalai ta duniya, IAPN, suna ba da tabbacin ingancin kayansu. Kasuwannin VCoins da MA-Shops suna tattara dillalai masu tsayayyen farashi, biddr da NumisBids kuma na gwanjo ne. Kafin ka taya, ka duba a acsearch nawa irinsa ya tashi a baya.

A gwanjo farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai la'adar gidan gwanjo, yawanci kusan kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aikowa, ga canjin dala ko yuro, ga abin da kwastan za su iya nema. Ka haɗa lissafin tun kafin ka taya, ka kuma nemi aikowa mai lambar bibiya.

Dillalai suna nuna lafiyar kuɗi da haruffa: F wanda ya sha hannu amma ana karantawa, VF mai kyau, EF wanda da kyar ya zaga kasuwa. VF mai cikakken rubutu, wanda hoton ya zauna a tsakiya, shi ne daidai da sabon shiga. Da hannu aka buga kowane ɗaya, an ɗora guntun azurfa tsakanin hatimi biyu an maka guduma, saboda haka karkacewa da ɗan tsagewar baki ba aibi ba ne.

Sannan ka tambayi asali: daga hannun wa ya fito, a wane gwanjo aka taɓa sayar da shi. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta sa ƙasashe suna neman a dawo musu da kayan tarihin da aka fitar ba izini, kuma Italiya, Girka, Turkiyya, Masar, Libiya da Tunisiya duk suna da tsauraran dokoki a kan haka. 'Yan uwa masu zuwa Alƙahira ko Istanbul fatauci ko karatu, idan wani ya tare ku kusa da kufai da "tsohon kuɗi" a tafin hannu, ɗayan biyu ne: ko jabu ne, ko kuma na gaske ne wanda zai iya sa a tsare ku a filin jirgi. Manya ma ba su tsira ba. Wani EID MAR na zinariya da aka sayar a Landan a 2020 kan sama da fam miliyan 3, a 2023 hukumomin New York sun mayar da shi Girka bayan an gano takardun asalinsa na ƙarya ne.

Mataki na shida: binciki abin da ya iso

Fara da sikeli. Dinarin ƙarshen Jamhuriya da na Agustas yana kusa da giram 3.9. Niro ya rage shi a shekara ta 64 zuwa kusan 3.4, ya kuma fara surka azurfar da jan ƙarfe. Zuwa zamanin Sabarus azurfar ta koma kusan rabi, nauyin yana yawo tsakanin giram 3 da 3.4. Mai kambin tsinaye na Gordiyan yakan kai giram 4 zuwa 5. Zuwa zamanin Galiyenas, wajen 260 zuwa 268, abin da ya rage tagulla ce da aka shafa wa azurfa, ko kashi 5 cikin 100 ba ta kai ba. Ƙarancin ɗan kaɗan saboda gogewa ba komai. Ƙarancin kusan giram guda abin tuhuma ne.

Kusanto da mayen ƙarfe. Azurfa da jan ƙarfe ba sa kama shi, idan ya kama an gama magana. Rashin kamawa kuwa ba shaidar gaskiya ba ce.

Sai madubi. Mafi yawan jabun da ke yawo zubi ne, ba bugu ba. Ka duba baki ko akwai siririn layi inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu, ko alamar an goge shi da zarto. Ka duba fili ko akwai ƙananan ramuka da ƙuraje na kumfar iska. Haruffan zubi a dakushe suke kamar sabulun da ya sha ruwa, na bugu kuwa bakinsu a tsaye yake ko da sun goge, kuma sau da yawa za ka ga siraran layuka suna fita daga haruffa zuwa baki, sawun gudun ƙarfe a ƙarƙashin guduma. Na taɓa sayen Hadiriyan a wata kasuwar intanet da kowa ke baza hajarsa, a rabin farashi. Hoton ya yi kyau. Da ya iso sikeli ya nuna 2.5, madubi ya nuna layin a baki, bayan mako guda kuma na ga tagwayensa sak, har da tsaguwa a wuri ɗaya, a hannun wani mai sayarwa daban. Kuɗin da aka buga da hannu ba sa zama tagwaye haka. Araha ba ta ado.

Akwai kuma jabu na tun zamanin Rumawa: jan ƙarfe aka lulluɓe da fallen azurfa. Za ka gane shi idan fatar ta ɓare, ja ko kore ya leƙo. Shi ma tsohon abu ne mai tarihi, ana sayar da shi, amma da sunansa kuma a farashi ƙasa da na gaske. Ƙananan alamomi da aka dandatsa a fuskar dinarin Jamhuriya kuwa sawun 'yan canji ne na da masu gwada azurfa, ba lahani ba ne a wajen masu tarawa da yawa.

Mataki na bakwai: ajiya

Kada ka wanke. Ba zoben azurfa ba ne da za a dirje da toka ko lemon tsami ko man goge baki. Duhu-duhun da ya hau kansa, mai ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, masu saye kuɗi suke ƙarawa a kansa, kuma minti ɗaya na gogewa zai kwashe shi ya bar ƙarce. Kada ka kai wa maƙerin fari ya gwada da ruwan batir ko ya kankara, balle a huda a yi sarƙa. Tsohuwar azurfa takan yi gautsi daga ciki, faɗuwa ɗaya a kan siminti na iya raba ta biyu, don haka ka riƙe ta baki, a saman tebur mai shimfiɗa.

Ka sa kowane ɗaya a ambulan ɗinsa na takarda marar sinadari, ko leda mai tauri wadda ba ta da PVC. Leda mai laushi tana fitar da wani koren danƙo idan ta sha zafi, zafin ƙasarmu kuwa ka san shi. Ka nisanta su da robar ɗaure kuɗi, tana baƙanta azurfa. Da damina ka jefa ƙunshin tsotse laima, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi, a cikin akwatin.

Kowane kuɗi ya sami katinsa: sunan sarki, rubutun gaba da na baya harafi da harafi, bayanin hoto, shekara, nauyi, faɗi, lambar kundi, inda ka saya, ranar da ka saya da farashi. Ka ɗauki hoton gaba da baya a hasken taga. Tsohon tikitin dillali da ya zo tare da kuɗin, ko da ya yage, ka ajiye shi tare da rasiɗin, ka kuma ajiye kwafinsu a waya, domin su za a fara tambaya ranar da kai ko magajinka ya tashi sayarwa.